Matakalan Braga da Ummi Ba Ta Ƙirga Ba

Lahadi ce, bakwai ga watan Mayu na 2023. Zan faɗi yadda ranar ta wuce daki-daki, domin na sha bin ta a raina ina neman wata alama, kuma ban samu ba.

Ƙarfe shida na dawo daga masallaci na koma na kwanta. Ƙarfe tara 'yata ta bugo waya ta ce tana hanya daga Takoma Park, wanda a wurinta yake nufin ko wanka ba ta yi ba tukuna. Sha ɗaya da minti ashirin motarta ta tsaya a ƙofar gidanmu a Fort Washington, nan Amurka, taya ɗaya a kan ciyawar da na yanke ranar Asabar.

"Ummi, titin bai ishe ki ba ne?"

"Abba, ciyawa ce fa, za ta sake fitowa. Ina kwana?"

Sha biyu ta shiga kicin wurin mahaifiyarta, Sa'adiya, suka yi ɗanwake suna gardama a kan yawan kuka. Ɗaya da rabi muka yi azahar, muka ci abinci. Ƙarfe uku ta sa ni na tsaya da ƙafa ɗaya a tsakiyar falo, ta durƙusa ta mammatsa gwiwata ta hagu, ta ɗago ta dube ni.

"Ba ka yin abin da na ce ka yi."

"Ina yi."

"Alhaji Maitama, gwiwa ba ta ƙarya. Kai ne majinyacin da ya fi kowa taurin kai, kuma kai kaɗai ne ba ka biyana."

Ƙarfe huɗu ta sauko da akwatina matsakaici daga saman kabad, ta ce aro take so, don saura kwana goma sha uku su tashi zuwa Portugal ita da ƙawarta Kaneng. Biyar da rabi muka yi la'asar. Shida da minti goma ta saka akwatin da robar ɗanwake a bayan mota, ta ce, "Sai Lahadi." Ta ja baya, ta sake taka ciyawar.

Washegari, sha ɗaya saura minti ashirin, aka kira ni ina ofis a Southwest Washington, inda nake aikin duba ƙarfin gadoji shekara ashirin da shida. Ta faɗi a wurin aiki. Wata jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta. Likitoci sun ce da ita aka haife ta, ba wanda zai iya sani. Ta cika kafin la'asar, aka yi jana'izarta ranar Talata. Shekarunta talatin da ɗaya.

Sunanta Rumasa'u. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka ban taɓa kiran ta da shi ba, Ummi nake ce mata. A nan Washington aka haife ta, kuma kamar sauran yaran da muka haifa a nan, muna yi mata Hausa tana amsawa da Turanci har ta shiga jami'a. Aikinta shi ne koya wa mutane tafiya bayan tiyata ko shanyewar ɓarin jiki: yadda za su tashi daga kujera, yadda za su riƙe sanda, yadda za su hau bene. Ba ta da kirki wajen lokaci. Makullinta ya ɓata ya fi sau goma. Amma idan ka ba ta sallahu, to ka manta da shi, zai isa. Tun tana 'yar shekara tara, duk zuwanmu Kano akwatinta ne ke cika da magungunan wannan da hotunan wancan, kuma sai ta ga ta damƙa wa kowa nasa hannu da hannu.

Hausarta ba a bakina ta nuna ba, wannan kuwa ya ɗan yi mini ciwo a da. A bakin Kaneng ta nuna, wata nas 'yar Filato da suka yi zaman gida ɗaya shekara biyar, da kuma bakin tsofaffin da take yi wa aiki. Har ta rasu wani lokaci sai na ji Jos a maganarta.

Bayan addu'ar bakwai na je gidansu don mu fara haɗa kayanta. Kaneng ta buɗe mini ɗakin ta tsaya a bakin ƙofa. Akwatina yana kan gado a buɗe, rabinsa cike. A aljihunsa na gaba na samu wani ƙaramin littafi. Kowane shafi kwanan wata ne na ranar Asabar, da lamba a gefe, shida, takwas, bakwai, da jimla a ƙasa. Jimla ta ƙarshe 498. A bangon ciki ta rubuta lambobi uku, 573, 577, 583, ta sa musu alamar tambaya, a ƙasa kuma: "Na yi wa Baba alkawari zan ƙirga da ƙafata."

Kaneng ta zauna a bakin gadon ta ba ni labarin.

Baba Bartholomew Dachung tsohon malamin makaranta ne daga Filato, ɗan Katolika, mai shekara tamanin da ɗaya, yana zaune wurin 'yarsa a Takoma Park. A 1998 shi da matarsa Hannatu sun bi 'yan cocinsu ziyara zuwa Portugal. A birnin Braga akwai wani coci a kan tudu, Bom Jesus, wanda masu ziyara ke hawa da ƙafa ta wasu dogayen matakala. Ranar, Baba ya sa sabon takalmi da ke matsa masa, sai ya bi ƙaramin jirgin ƙasan da ke kai mutane saman tudun, ya bar Hannatu ta hau ita kaɗai. Shekara ashirin tana yi masa tsiya da wannan. Ya yi ta yi mata alkawari za su koma ya hau, har ta rasu ba su koma ba. Daga baya ɓarin jikinsa ya shanye, likitoci suka hana shi doguwar tafiya a jirgi.

A hannun Ummi ya faɗo. Da farko ya ƙi motsi, ya ce me ya rage masa da zai taka ya je. Da ta ji labarin takalmin sai ta ce masa, to a kawo Braga Takoma Park. Benen gidan 'yarsa yana da matakala goma sha uku. Duk wadda ya hau da kansa za a rubuta, har a cike adadin na Braga. Ya tambayi fada, limamin cocinsu, fada ya ce ya karɓa. Suka kafa doka: hawa kawai ake lissafawa, ban da sauka, kuma sai wadda Ummi ta gani da idonta. Da aka sallame shi daga wurin aikinta ta ci gaba da zuwa kowace Asabar, ba da ko sisi ba. Wata goma sha huɗu suna haka, ni ban sani ba.

Matsalar ita ce ba su san inda za su tsaya ba. Kowane littafi da ya yi maganar matakalan Braga da lambarsa. Baba ya ce shi ba zai yarda da lambar wanda bai hau ba. Shi ya sa cikin hutun kwana takwas da suka shirya, Ummi ta ware wa Braga kwana biyu.

"Yanzu fa?" na tambaya.

"Tun ranar bai sake taka bene ba, Abba. Ya ce mai gani ta tafi, lamba kuma babu. An sauko masa da gado falo."

Na sa littafin a aljihuna, na rufe akwatin, na ce kada a taɓa komai a ɗakin.

Na je wurin limaminmu. Ya ce mini alkawarin da mutuwa ta hana cikawa ba ya kan mamaci, ana iya raba kayanta yau ma. Na tambaye shi, idan ni na je na ƙirga fa? Ya ce ƙirga matakala ba ibada ba ce, cika wa maƙwabci alkawari kuwa alheri ne. Na gamsu da hukuncin. Amma ni na san 'yata. Na kasa ɗaga ko ɗankwalinta alhali akwai sallahu ɗaya a hannunta da bai isa ba. Sa'adiya ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce, "Ka je. Amma ka tafi da Kaneng, don kai ko sunan maganinka ba ka sani ba."

Kafin mu tashi na je gaishe da Baba. Na same shi a kujerar guragu, ya rame. Ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya ya daɗe bai saki ba.

"Kai ne baban Kwamanda?"

"Haka kuke ce mata?"

"Wace irin yarinya ce wannan ka haifa, Injiniya? In ce na gaji, ta ce Mama Hannatu na kallo daga sama tana cewa ga mai sabon takalmi nan."

Ya yi dariya, daga nan ya juya fuskarsa bango. Na ce masa zan je na ƙirgo. Ya ce da wannan gwiwar? Ashe ta ba shi labarina, alhali ni ban samu nasa ba.

Mun sauka Porto a farkon Yuli, bayan babbar salla, muka hau jirgin ƙasa na kusan awa ɗaya zuwa Braga. Gari ne na dutse da ƙararrawa. Duk inda ka juya coci ne, kuma kowanne da lokacin da yake ganin ya dace ya buga. Da yammar farko muka bi jerin da Ummi ta rubuta a wayar Kaneng: tsohuwar ƙofar gari, lambun furanni a gindin wani tsohon gini, sai babban cocin tsakiyar gari, wanda aka ce ya haura shekara ɗari tara. A bakin ƙofarsa na sunkuya zan kwance takalmi. Kaneng ta taɓa kafaɗata.

"Abba, nan hula ake cirewa."

Na cire hular na riƙe a hannu. Ita ta durƙusa a wani benci, ni na tsaya a baya ina duban yadda aka ɗora nauyin rufin a kan ginshiƙan. Wanda ya yi aikin ya san abin da yake yi. Da ta gama ta zo idonta jajur, ta ce a nan Ummi ta ce za ta jira ta a waje ta sha kofi, amma ta san ƙarya ne, da sai ta shigo ta gyara wa tsofaffi yadda suke durƙuso.

Washegari ƙarfe takwas tasi ta ajiye mu a gindin tudun. Na zo da abin ƙirga na yatsa, irin wanda muke tasbihi da shi, na mayar da shi sifili. Na ga dabara ce mai kyau: kowace matakala dannawa ɗaya.

Hanyar ta fara ne a cikin inuwar manyan itatuwa, tana lanƙwasa, ga ƙananan ɗakunan ibada a kusurwoyi, a cikinsu mutum-mutumai masu nuna labarin wahalar Almasihu kamar yadda Kiristoci suka yi imani da shi. Kaneng tana tsayawa a kowanne. Ni kuma ina tsayawa don gwiwa. Daga nan aka fito fili, matakalan suka miƙe sama fari da ruwan toka, suna karkata dama da hagu. A kowane hawa akwai maɓuɓɓuga, wata ruwan na fita ta idon mutum-mutumin, wata ta kunne, wata ta hanci, wata ta baki. Wata tsohuwa ta wuce mu a hankali, tana jan carbinta, ta yi mana murmushi. Awa ɗaya da minti hamsin muka yi.

A sama na duba yatsana. 1,146.

Na daɗe ina kallon lambar kafin na gane. Duk inda na tsaya hutawa, bakina yana nema wa Ummi gafara, babban yatsana kuma yana yin abin da ya saba shekara da shekaru. Na haɗa matakala da istigfari a lissafi ɗaya, ba yadda za a raba su.

Kaneng ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ita ce dariyar farko da na ji daga gare ta tun Mayu. Ban hana ta kiran Baba ba, ko da yake a can gari bai gama wayewa ba, don ta ce shi tun asuba yake tashi.

"Nawa?" ya ce.

"Dubu ɗaya da ɗari da arba'in da shida, in ji Injiniya."

"Ba shi wayar. Injiniya! So kake ka kashe ni? Haka kake auna gadojin da muke bi?"

Na yi masa bayani. Ya ce, "To waɗancan na ƙari ka bar wa Kwamanda, nata ne. Ni ka nemo mini nawa."

Muka huta a can har lokaci ya yi, na yi sallar azahar a ƙarƙashin wata bishiya a lambun bayan cocin, ba wanda ya dame ni. Muka sauko a jirgin da ya jawo wa Baba tsiya. Taragu biyu ne a kan igiya ɗaya, ana cika tankin na sama da ruwa, nauyinsa ya janyo na ƙasa. Na faɗa wa Kaneng cewa da ni ne ma, ko ba sabon takalmi, da shi zan bi.

Rana ta biyu na yi aikin yadda aka koya mini a Zariya. Na bar abin ƙirgar a otal. Na ja layi a takarda, kowane hawa da gurbinsa. Ni in ƙirga, Kaneng ta ƙirga daban ba tare da mun yi magana ba, a ƙarshen hawa mu gwada. Idan mun saɓa, ita ta sauka ta sake. Sau huɗu ta sauka. A nan na fahimci abin da ya raba littattafan: wani daga bakin titi ya fara, wani daga ƙofar shiga, wani ya tsaya a farfajiya, wani ya kai ƙofar coci. Mu muka ɗauka daga matakalar farko da ƙafa ke samu bayan an sauka daga mota har ƙofar. Ni na samu 581, ita 582. Bambancin dokin ƙofa ne. Na ce ba matakala ba ce. Ta ce ai sai an ɗaga ƙafa. Muka sake kiran mai alkawari.

"Hannatu ta shiga cocin?" na tambaye shi.

"Ta shiga mana. A ciki ta same ni ina zaune na cire takalmi."

"To ta ɗaga ƙafa a wurin."

"In ta ɗaga, ni ma sai na ɗaga. Sa shi."

Na rubuta 582 a littafin Ummi, a ƙarƙashin lambobinta uku, na sa kwanan wata. Ban ce ita ce lambar gaskiya ga kowa ba. Ita ce wadda muka taka.

Saura tamanin da huɗu. Asabar ɗin da ta biyo bayan dawowarmu na je Takoma Park. Baba ya ce doka ta ce sai Ummi ta gani. Na ce ni magajinta ne, abin da ta bari nawa ne, har da gani. Ya ce wannan maganar lauya ce, amma ya karɓa. Kaneng ta ɗaura masa faffaɗan bel ɗin da ake riƙe majinyaci da shi, ta nuna mini inda zan tsaya, baya kaɗan ta ɓangaren da ya shanye, hannu a bel amma ba ja. Wata biyu na zama sun cinye ƙarfinsa. A ranar, matakala biyu ya hau, ya zauna a ta biyun yana haki.

"Kwamanda da ta ce ƙara ɗaya."

"Ƙara ɗaya."

"Ba haka take faɗa ba. Kai kamar mai karanta sanarwa."

Bai ƙara ba ranar. Mako na gaba ya hau uku. A watan Agusta ya yi mura muka rasa Asabar biyu, na ji tsoro sosai, ban faɗa wa kowa ba. Da ya warware muka koma sau biyu a mako, Laraba bayan na tashi daga aiki da Asabar. Ranar ashirin da ɗaya ga Oktoba saura masa bakwai. Ya sa aka goge masa takalmi, tsoho, ya sa riga mai hannu. Ya hau shida ya tsaya, ya daɗe, sannan ya ɗaga ƙafar da ta shanye ya ɗora a ta bakwai. Ya ce wani abu da yarensu, wanda ban tambayi ma'anarsa ba. 'Yarsa da Kaneng suka yi ta kuka a ƙasa. Na rubuta jimlar, na ja layi biyu, na miƙa masa littafin, domin nasa ne. Yana nan da rai, ya koma kwana a ɗakinsa na sama.

Ina gode wa Allah da ya ba mu ita shekara talatin da ɗaya. Ina gode wa Kaneng, wadda ta bar ɗakin a rufe wata biyar da rabi ba ta taɓa tambayata yaushe ba. Ina gode wa Baba, domin a bakinsa na san wani ɓangare na 'yata da ba ta kawo mana gida ba.

Ranar Lahadi, washegarin da ya gama, ni da Sa'adiya da Misbahu, ƙanin Ummi, muka buɗe ɗakin. Liman ya raba abin da ya kamata a raba yadda shari'a ta ce, bai ɗauki rabin awa ba. Motar ta koma hannun Misbahu. Atamfofinta da lesuka Sa'adiya ta ninke a jaka biyu, aka kai Kano wurin 'ya'yan 'yan'uwa. Rigunan sanyi da takalman dusar ƙanƙara muka ba wasu iyalai sababbin zuwa daga Nijar da ke salla a masallacinmu. Littattafan karatunta suka tafi wurin wata ɗaliba da ke koyon aiki a inda take. Tufafin aikinta shuɗɗa Kaneng ta ɗauka, sun yi mata tsawo, ta kai an rage. Tukwane da cokula muka bar su a inda suke, don ba wanda ya iya tuna wanne ne na wa. Akwai shuke-shuke huɗu a taga, uku sun bushe, ta huɗun Sa'adiya ta riƙo a cinyarta har gida. Dardumar sallarta na ɗauka. Ta yi mini gajarta kaɗan, ƙafafuna suna fita ta baya, amma a kanta nake yi.